Tambayar Adalcin Ubangiji, Daga Basra Zuwa Fadojin Damagaram

Akwai wata tambaya wadda a da ba ta fita daga zauren manyan malamai, amma yanzu ta sauko har fadojin matasa na Birni da Zango da Sabon Gari, inda ake jefa ta a bakin butar shayi bayan sallar isha'i. Tambayar ita ce, shin duk abin da littattafan addini suka ba da labari cewa Allah ya aikata, ko ya yi umarni a aikata, adalci ne, kuma da wane ma'auni ɗan Adam zai san hakan? Mai yin ta galibi ba mai neman fita daga addini ba ne. Wani ɗan ajin tarminal ne, ajin ƙarshe na sakandare, da malamin falsafa ya koya wa cewa kowace magana sai an nemi hujjarta. Wani kuma bidiyo ya gani a wayarsa, inda mai wa'azin Musulunci ke karanto ayoyin yaƙi daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, ko mai wa'azin Kirista ke mayar da martani da ayoyin Alƙur'ani, ko wani da bai yarda da kowane addini ba ya haɗa su biyun ya yi musu kuɗin goro. Akwai kuma wanda ba karatu ne ya kai shi ga tambayar ba, shi dai ya raka ƙanwarsa asibiti da yaro a bayanta, suka dawo gida da zanen goyo a hannu.

Amsar da aka fi ba irin waɗannan gajeriya ce. Wani ya ce, "Kai, yi istigfari," wani kuma ya janyo aya ta 23 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce ba a tambayar Allah game da abin da yake aikatawa, bayi ne ake tambaya. Ayar gaskiya ce, babu Musulmin da zai ja da ita. Sai dai wanda ya ɗauka cewa da ita aka rufe ƙofar magana, bai san cewa a kan fahimtarta ne manyan malaman tauhidi suka kwashe ƙarnuka suna kai ruwa rana ba, kuma bai san cewa littattafan da ake biyawa a zaurukanmu a yau amsar ɓangare ɗaya ce suke ɗauke da ita cikin wannan jayayya ba. Tambayar ba Turawa ne suka kawo ta ba, ba kuma salula ba. Tana cikin littattafan su kansu, a bakin annabawa da mala'iku.

Inda ƙura ta fi tashi shi ne muhawarar Musulmi da Kirista, don haka gara a fara sallamar ta. Musulmi mai neman ya ƙure abokin muhawararsa yakan buɗe littafin Sama'ila na farko, babi na 15, inda aka umarci sarki Saul, wanda mu muka sani da Ɗalutu, ya hallaka Amalekawa, maza da mata, yara da masu shan mama, har shanu da tumaki da raƙuma da jakuna. Ko kuma ya buɗe babi na 6 na littafin Joshuwa, labarin faɗuwar Yariko. Abin da yawanci bai sani ba shi ne, Kirista sun riga shi jin nauyin waɗannan ayoyi da kusan shekara 1,900. Wani mutum mai suna Marsiyon ya kasa haɗa Allahn waɗannan yaƙe-yaƙe da Allahn da Annabi Isa ya yi wa'azinsa, har ya ce ba ɗaya ba ne, sai cocin Rum ta kore shi a shekarar 144. A ƙarni na 3 malamin Kirista Orijin na Iskandariya ya bi wata hanyar, ya ce labaran Joshuwa misali ne na yaƙi da zunubi a cikin zuciya, kuma da ba haka ba ne da ba a bar mabiya Almasihu suna karanta su a coci ba. Masana na wannan zamani sun ƙara da cewa "mun shafe su kaf" salon maganar sarakunan yankin ne a wancan lokaci: a kan wani dutse da Fir'auna Marnafta ya sa aka rubuta wajen shekara 1208 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi iƙirarin cewa an shafe Isra'ila babu sauran iri, alhali Isra'ila na nan. Shi kansa littafin da ke bin na Joshuwa ya buɗe ne da Kan'aniyawa suna zaune a garuruwansu, kuma tonon da masaniyar kayan tarihi Kathleen Kenyon ta yi a Yariko tsakanin 1952 da 1958 bai nuna birni mai ganuwa ba a zamanin da ake kyautata zaton Joshuwa ya rayu. Duk waɗannan amsoshi suna rage kaifin abin, amma ba su kawar da shi ba, domin ko an yarda cewa zuguguwa ce irin ta kirarin yaƙi, a bakin Ubangiji nassin ya sa maganar.

Musulmi yana da ƙofar fita mai sauƙi, ya ce ai wannan yana cikin abin da aka jirkita. Yana kuma da hujja ta gaske idan ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe mata da yara a fagen yaƙi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a Alƙur'ani ma akwai ruwan Ɗufana, akwai garuruwan mutanen Luɗu da aka kife, akwai Adawa da Samudawa, kuma ba a taɓa yin gari babu jarirai ba. Akwai yaron da Halliru ya kashe a Suratul Kahfi bai yi laifin komai ba tukuna. Akwai umarnin da aka yi wa Annabi Ibrahim ya yanka ɗansa. Idan aka matsa wa Musulmi a kan waɗannan, zai ce Allah ne mai halitta kuma yana da hikimar da ba mu gani ba, wadda kuwa ita ce ainihin amsar da Bulus ya bayar a babi na 9 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda ya ce tukunya ba ta tambayar magininta don me ya gina ta haka. Laifi tudu ne. Wanda ya karɓi wannan amsa daga bakin malaminsa, sannan ya yi mata dariya daga bakin fasto, bai yi muhawara ba, ya yi son kai ne kawai, haka nan shi ma faston idan ya juya ya yi irin wannan.

Tushen matsalar ya girmi addinan biyu. A birnin Atina, kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafa Aflaton ya rubuta wata tattaunawa inda malaminsa Sukrat ya tambayi wani mai iƙirarin sanin addini: abu yana zama na kirki ne saboda alloli suna son sa, ko kuwa suna son sa ne saboda na kirki ne? Idan na farko ne, to da an umarci ƙarya da sai ta zama alheri. Idan na biyu ne, to akwai wani ma'auni da ba umarni ne ya kafa shi ba. Malaman Basra da Bagadaza sun iso wannan mararraba ta tasu hanyar, suka kira mas'alar da kyawu da muni. Mu'utazilawa, almajiran Wasil ɗan Aɗa'u da ya rasu a 748, waɗanda suke kiran kansu mutanen adalci da tauhidi, suka ce hankali ya san kyawun gaskiya da munin zalunci tun kafin wahayi ya sauka, kuma Allah ba ya aikata mummuna domin ya san muninsa, ba shi kuma da bukatar sa. Daga nan sai komai ya biyo: dole bawa ne ke samar da aikinsa, in ba haka ba azabtar da shi zalunci ne, dole Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa amfani a addininsa, dole yaron da ya sha ciwo, kai har dabbar da aka yanka, a biya su diyya a lahira wadda za ta rinjayi wahalar. Alƙali Abdul Jabbar, wanda ya rasu a 1025, ya cika mujalladai da irin wannan lissafi. Abin takaici a tarihinsu shi ne, lokacin da Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai aƙidar cewa Alƙur'ani halitta ne a 833, har aka yi wa Ahmad ɗan Hambali bulala a zamanin magajinsa, da sunan mutanen adalci aka haɗa wannan ɗanyen aiki, kuma tabon bai goge ba har yau.

Wanda ya karya lagonsu daga cikin gidansu ya fito. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen 936, ya yi shekaru yana karatu a gaban shehin Mu'utazilawa na Basra, al-Jubba'i, kuma ana ruwaito cewa wata rana ya tambaye shi makomar ƴan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu mumini, ɗaya ya girma ya mutu kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Malamin ya ce na farko yana cikin manyan darajoji, na biyu yana wuta, na uku ya tsira amma ba shi da darajar na farko domin bai yi aiki ba. Almajirin ya ce, to idan yaron ya ce, "Ya Ubangiji, da ka bar ni na girma da na yi aikin," fa? Malamin ya ce Allah zai amsa masa cewa ya san da ya girma saɓo zai yi, don haka mutuwa da wuri ta fi masa. Sai almajirin ya ce, to idan kafirin ya ɗaga murya daga cikin wuta ya ce, "Ya Ubangiji, ka san makomata ni ma, don me ba ka ɗauke ni ina yaro ba?" Malamin ya rasa ta cewa. Ko an yi wannan zama yadda ake faɗa ko daga baya aka tsara shi, hujjar da ke ciki tana nan daram: duk wanda ya ce zai iya bin ayyukan Allah ɗaya bayan ɗaya ya nuna maslahar kowanne, akwai inda lissafinsa zai tsinke.

Sai Ash'ari ya koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Ya ce babu abin da ke wajaba a kan Allah, mai kyau shi ne abin da shari'a ta yaba, mummuna kuma shi ne abin da ta hana, kuma zalunci shi ne mutum ya taɓa abin da ba nasa ba ko ya ƙetare umarnin wanda ke sama da shi. Tun da komai na Allah ne kuma babu kowa a samansa, zalunci ba ya ma yiwuwa a gare shi. Wannan ita ce aƙidar da ta biyo ayarin Sahara ta zauna a ƙasar Hausa da Barno, ta hanyar ƙaramin littafin tauhidi na Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, da waƙen Jauhara na Laƙƙani, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1631. Duk wanda ya taɓa zama a zaure da hantsi ya san yadda abin yake: malam a kan buzu, almajiri ya tanƙwashe ƙafa yana jan baiti, malam yana yanka shi gaɓa-gaɓa da Hausa. In an zo inda Laƙƙani ke cewa idan Allah ya ba da lada tsantsar falala ce, idan ya yi azaba tsantsar adalci ne, sai baitin da ke biye ya ƙaryata masu cewa maslaha wajibi ce a kansa, ya tambaye su ko ba su ga yadda yake sa wa yara ciwo ba. Wani lokaci almajiri mai ƙarfin hali yakan ce, "Allah ya gafarta Malam, to shi yaron me ya yi?" Malam kuma ya ce, "Ɗana, mai abu ne ya yi yadda ya so da abinsa, ja gaba." Mutane da yawa suna jin wannan amsa kamar dutse, amma tana da wata martaba da ya kamata a faɗa: ba ta ƙirƙiro wa Allah uzuri, ba ta kuma ce wa uwar da ta rasa ɗa wai wani zunubinta ne ya jawo.

Sai dai akwai abin da ake biya kafin a riƙe ta. Idan zalunci ba ya ma yiwuwa ga Allah, kamar yadda ba ya yiwuwa ɗaya ta fi biyu yawa, to mene ne abin yabo a cikin ayar da ta ce ba ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra? Kuma da wane hankali ne mutum zai gane cewa wannan manzo na gaskiya ne, idan hankalin nan bai san cewa ƙarya mummuna ce ba sai manzon ya faɗa masa? Ibn Rushdi na Kurɗuba, alƙalin Malikiyya da ya rasu a 1198, ya ce wannan ra'ayi baƙo ne ga hankali da shari'a duka. Tun kafin shi, Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi, wanda ya yi zamani da Ash'ari, ya tsaya a kan cewa Allah mai hikima ne, yana sa kowane abu a muhallinsa, kuma hankali yana gane kyawu da munin wasu abubuwa ko da ba shi ne ke ɗora wa Allah doka ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a kurkukun Dimashƙa a 1328, ya kafa hujja da hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, inda Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma sanya shi haram a tsakanin bayi. Ya ce ba a haramta wa kai sai abin da ake da ikon yi, kuma Alƙur'ani da ya ce Allah ba ya umarni da alfasha, ya nuna cewa alfasha alfasha ce tun kafin a hana ta. Abin lura a nan Damagaram shi ne, mutanen ɗariƙa da na Izala sun shafe shekaru suna jayayya a kan maulidi da ƙabalu da sadalu, alhali wannan saɓani da ya fi zurfi, wanda ke tsakanin littattafan da kowane ɓangare ke dogaro da su, da wuya ka ji an taɓo shi a tafsirin azumi. Ni dai hujjar Maturidi da Ibn Taimiyya ta fi gamsar da ni, domin ita ce ta bar wa kalmar adalci ma'anar da mai sauraro zai gane, kodayake ba ta amsa wa kafirin nan na labarin Ash'ari tambayarsa ba, ta dai ce akwai amsa a wurin da mu ba mu kai ba.

Wani abin da masu saurin cewa a yi istigfari ke tsallakewa shi ne yawan tambayar a cikin nassi. Tun kafin a halicci Adamu, mala'iku sun ce, za ka sanya wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini a bayan ƙasa? Ba a kore su ba, an ce musu Allah ya san abin da ba su sani ba, sannan aka nuna musu wani abu daga ciki. A Suratu Hudu an ce Annabi Ibrahim ya yi jayayya a kan mutanen Luɗu, ayar da ke biye kuma ta yabe shi da haƙuri da tausayi, kafin a ce masa ya bari domin hukunci ya riga ya zo. A babi na 18 na littafin Farawa an kawo wannan jayayya dalla-dalla, yana rage adadin mutanen kirkin da za a yafe wa gari dominsu daga 50 zuwa 45, zuwa 40, har ya sauko 10, yana cewa ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Annabi Musa a Suratul A'arafi ya ce, za ka hallaka mu saboda abin da wawayen cikinmu suka aikata? A littafin Ayuba na Kirista da Yahudawa, abokansa uku sun dage cewa lallai wani laifi ya yi, shi kuma ya ƙi yarda, ya yi ta kai ƙara gaban Allah, kuma a ƙarshe abokan aka zarga da rashin faɗin gaskiya game da Allah, ba shi ba. Akwai iyaka, tabbas: Annabi Nuhu ya yi magana a kan ɗansa aka tsawatar masa, Iblis kuwa nasa ba tambaya ba ce, hukunci ya yanke cewa ya fi Adamu, ya ƙi bin umarni. Amma da sahabbai suka kai kuka cewa suna jin abubuwa a zukatansu da suke tsoron furtawa, Manzon Allah ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani.

Labarai biyu ne suka fi tsayawa a wuya, domin a cikinsu hannun mutum ne ke riƙe da wuƙa. Game da Annabi Ibrahim, wanda kowace babbar salla muke tunawa da ragonsa, masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya rubuta a 1798 cewa da ya kamata ya amsa wa muryar cewa haramcin kashe ɗansa tabbas ne, amma cewa muryar ta Allah ce ba tabbas ba ne. Mumini zai ce annabi ya san muryar Ubangijinsa yadda sauran mutane ba su sani ba, zai kuma nuna cewa a Alƙur'ani an shawarci ɗan, an ce masa ya duba me ya gani, kuma a littattafan biyu ba a bari wuƙar ta yi aiki ba. Amma maganar Kant, ko ba ta hau kan Ibrahim ba, ta hau kan kowa bayansa, kuma malaman Musulunci sun riga shi faɗin haka. Muslim ya ruwaito cewa Najdatu, wani shugaban Hawarijawa, ya aika wa Ibn Abbas da tambayoyi, cikinsu har da batun kashe yara, sai Ibn Abbas ya rubuta masa cewa Manzon Allah bai kasance yana kashe yara ba, don haka kada ya kashe su, sai fa idan ya san abin da Halliru ya sani game da yaron da ya kashe. Ma'anar a fili take, babu wanda ya san hakan, kuma ƙofar wahayi ta rufe. A cikin ƙissar kanta, Annabi Musa, mai shari'a, bai yi shiru ba da ya ga an kashe yaro, ya ce lallai an zo da abin ƙi, kuma abin da aka ɗora masa shi ne rashin haƙuri bayan alkawari, ba wai ya yi kuskure da ya ga kisan rai abin ƙi ne ba. Mu a matsayin Musa muke, ba a matsayin Halliru ba, kuma mutanen Bosso da Diffa, waɗanda tun daga Fabrairun 2015 suka ga abin da masu ɗaukar kansu wakilan hukuncin Allah ke yi da bindiga, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Shi kuwa wanda bai yarda da Allah ba, wanda ke karanto waɗannan labarai don ya nuna cewa littattafan aikin mutane ne masu zafin zuciya, an saba tambayarsa daga ina ya samo ma'aunin da yake auna Allah da shi, idan duniya ba ta da mai ita. Tambayar tana da nauyi, amma ba ta gama magana ba, domin zai iya cewa daga inda Abdul Jabbar ya samo nasa, wato hankalin da kowa ke da shi, kuma mumini da kansa da wannan hankali yake zaɓar tafsiri mai rahama ya bar mai tsanani idan ya tarar da biyu. Inda hujjarsa ke rauni shi ne ya ɗauka ya ga dukan labarin, alhali littattafan da yake suka sun gina maganarsu ne a kan cewa akwai wata rayuwa bayan wannan, wadda in an cire ta an canza abin da ake muhawara a kai. Inda take da ƙarfi kuwa shi ne batun wuta mai dawwama a kan laifin shekaru ƙididdigaggu, kuma a nan ma malamai ba su yi kamar ba su gani ba. Sun tsaya a kan aya ta 15 ta Suratul Isra'i, cewa ba a azaba sai an aiko manzo. Nawawi ya rinjayar da cewa yaran waɗanda ba Musulmi ba ƴan aljanna ne. Gazali, wanda ya rasu a 1111 kuma Ba'ash'are ne, ya rubuta cewa rahama za ta game mafi yawan Kiristocin Rum da Turkawa na zamaninsa waɗanda kira bai kai musu ba, ko ya kai musu a gurɓace. Ibn Ƙayyim ya yi doguwar magana yana jero hujjojin masu ganin wuta za ta ƙare wata rana, Subki ya rubuta raddi a kan wannan ra'ayi, kuma mafi yawan malamai suka tsaya a kan dawwama. Ba a rufe bakin kowa da istigfari a wannan muhawara ba, da littafi aka amsa littafi.

Abin da ya sa wannan magana ba ta masu falsafa kaɗai ba ce shi ne, yadda mutum ya ɗauki Ubangijinsa yakan sauko cikin yadda yake yi da maƙwabcinsa. Ƙarnuka aka yi ana halatta bautar da baƙar fata da labarin la'anar Hamu ɗan Nuhu, alhali a babi na 9 na Farawa Kan'ana aka la'anta kuma ba a ambaci launin fata ba. Ibn Khaldun ya yi watsi da labarin, Ahmad Baba na Tumbutu ma ya bi sahunsa a fatawar da ya rubuta kan bauta wajen 1615. A ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a nan garin, washegari wutar ta kai Yamai, aka rasa rayuka 10 a biranen biyu. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su ne suka yi zanen ba, kuma ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani ta maimaitu a Alƙur'ani ba sau ɗaya ba. Mutumin da aka koya wa cewa adalci ba shi da wata ma'ana sai abin da mai iko ya so, yana da sauƙin ruɗuwa ranar da ya ji shi ne ke da iko, ko da Ash'ari bai taɓa nufin haka ba, domin shi Allah kaɗai ya keɓe da wannan matsayi, ya bar bayi a ƙarƙashin shari'a.

Haka nan kalmar ƙaddara, wadda ke sanyaya zuciya a zaman makoki idan an ce wa uwa Allah ya sa mai ceto ne, takan zama mafaka idan ta faɗa bakin mai riƙe da amana. Da annoba ta ɓarke a Sham a zamanin Halifa Umar, ya juya da tawagarsa daga hanya, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kawo misalin makiyayin da ke zaɓar gefen kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe. A 2004 damina ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka, a 2005 yara suka cika cibiyoyin jinyar tamowa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Dalilin da ya sa Allah ya riƙe ruwa a waccan shekara yana cikin abin da Jubba'i da almajirinsa suka rabu ba su warware ba. Amma hatsi na nan a kasuwanni a lokacin, tiya ce ta gagari talaka. An dage a kan sayarwa da rangwame, ba a fara rabon abinci kyauta gadan-gadan ba sai da damina ta yi nisa. Kuma a watan Agusta na shekarar shugaban ƙasa na lokacin ya shaida wa ƴan jarida cewa babu yunwa a Nijar.